Tambaya da Amsa: Malam, wai har ina saiwar zaitun take zuwa neman ruwa?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da warhaka. Ban san abin da ya shiga kan mutanenmu bana ba, duk saƙon da na buɗe sai in ga zaitun zaitun, har na fara zargin ko wani malami ne ya yi wa'azi a kai ko kuma wani bidiyo ne ke yawo a WhatsApp ni bai iso gare ni ba. Toh na tattaro waɗanda suka fi kama hankalina na haɗa su wuri guda, masu tambaya kan tsutsar masara da tsadar taki ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni manomi na nan wajen Kamba. Ɗan'uwana ya ba ni dashen zaitun guda 12, ya ce icce na da bai san fari ba, wai saiwarshi ƙasa takan yi kamar ta gawo har ta cim ma ruwan rijiya. To ni gonata jigawa ce kuma rijiyarmu da nisa ƙwarai kafin a ga ruwa. Mi ya kamata in yi, in gina rami mai zurfi don in rage mashi tafiya? Kuma da gaske na in anka dasa shi ba a ba shi ruwa?

AMSA: Malam, Allah ya saka wa ɗan'uwanka, ya yi kyauta, amma labarin da ya haɗo maka da ita rabi gaskiya ne rabi zancen majalisa. Kar ka kashe ƙugunka wajen gina rami. Gawo shi ne mai aika saiwa can ƙasa ta je ta sha inda rijiya ke sha, shi yasa kake ganinsa kore shar tsakiyar rani lokacin da kowa ya yi fari fat. Zaitun ba haka yake ba, yawancin saiwoyinsa masu shan ruwa ba su wuce zurfin mita 1 ba, da za ka tsaya cikin rami daga idon sawu zuwa ƙugunka nan kasuwar take ci, amma faɗi fa, suna bazuwa gefe da gefe har su wuce inuwar bishiyar ninki biyu ko uku. In rairayi ne mai zurfi babu marmara a ƙasa wasu 'yan saiwoyi kan nutsa mita da dama, ban musa ba, sai dai ba su ne jarinsa ba. Kuma dashen da ke hannunka kusan tabbas daga reshe aka tsirar da shi ba daga ƙwallo ba, irin wannan kuwa tun asali ba shi da uwar saiwar nan mai miƙewa ƙasa kamar karas, gemu kawai yake yi.

Bari in kai ka Tunisiya ka gani. Akwai yankin Safakis, ruwan saman da suke samu a shekara wajen milimita 200 ne, mu nan Birnin Kebbi muna samun wajen 800, kaga ninki huɗu kenan muka fi su, amma can zaitun ne iya ganinka kuma ba ban ruwa. Yaya suke yi? Tsakanin bishiya da bishiya mita 24 suke bari, hekta guda bishiya 17 kacal. Na san da manomin Kamba zai gani cewa zai yi waɗannan mutane ba su san darajar fili ba. Toh ɗauki biro mu yi lissafi, mita 24 sau 24 ya ba ka murabba'in mita 576, ruwan milimita 200 a kan wannan fili lita dubu 115 ne da ɗoriya, wato duro 576 irin mai lita 200 ɗin nan, duk na bishiya ɗaya. Filin da kake gani fayau ba komai a kai shi ne randarta, saiwoyin na nan shimfiɗe a ƙarƙashi suna jira. Shi yasa manoman can ba sa barin ciyawa ko ɗaya ta tsaya, suna yawan kaftar saman ƙasar don kar wani ya sha musu ruwan kuma don ƙasar ta buɗe baki in an yi yayyafi. Irin da suka fi shukawa can Shamlali suke ce masa.

Kuma ƙasar Safakis ɗin rairayi ce kamar taka, wannan albishir ne. Mutane na ɗauka laka ta fi saboda ta fi riƙe ruwa, eh ta fi riƙewa amma marowaciya ce, kaso mai yawa na ruwan da ta riƙe ba ta sakar wa saiwa, ga shi ɗan ƙaramin ruwa in ya sauka a kanta sama-sama yake tsayawa rana ta lashe abinta. Jigawa ba ta riƙe da yawa amma abin da ta samu tana bayarwa ba gardama, ruwa na ratsa ta ya sauka ƙasa, saman ya bushe ya zama kamar murfi ya hana na ƙasan tashi. Kai ma ka sani, ka tona jigawa a watan Maris za ka tarar da ɗan sanyi-sanyi a ƙasa alhali saman na ƙona ƙafa.

Yanzu ga wurin da ni ya fi burge ni, kuma shi ne mutane ba sa gani don abin ƙanƙane ne, wato daidai inda fatar saiwa ta taɓa ƙwayar ƙasa. Ruwa a cikin ƙasa ba tafki ba ne, wani ɗan siririn laima ne da ya lulluɓe kowace ƙwayar yashi, wannan ta miƙa wa wannan har ya iso jikin saiwa. In fari ya fara, ƙasar da ke manne da saiwar ita ke fara bushewa tunda nan ake sha, laimar ta tsinke, ita kanta saiwar ta ɗan motse kamar yatsan da ya rame zobe ya yi masa yawa, sai 'yar tazara ta iska ta shiga tsakaninta da ƙasa. Ruwa kuwa ba ya tsallake wannan tazarar da sauƙi. Wato ana iya samun sauran laima taƙi ɗaya daga jikin saiwa amma hanyar ta yanke. Saiwa na da 'yan dabarun cike wannan giɓi, akwai gashi sirara da ido bai cika gani ba masu shiga tsakanin ƙwayoyin ƙasa, akwai wani yauƙi kamar na kuɓewa da bakin saiwa ke fitarwa yana manne ƙasa a jikinta yana riƙe laima, in ka taɓa tuge gero ka ga ƙasa ta manne wa saiwar kamar safa toh shi ne. Sannan akwai wasu halittu dangin naman kaza, su zare-zare ne kawai, suna shiga cikin saiwar zaitun su zauna, bishiya ta ba su sukari su kuma su miƙa zarensu lungunan da saiwa ba ta iya shiga su kawo mata abinci, musamman fosfaras, su taimaka mata da laima. Cinikayya ce ba sadaka ba.

Masu bincike sun auna sun ga a zaitun wannan mahaɗa ta saiwa da ƙasa ita ce ke fara gazawa in fari ya zo, tun kafin komai ya lalace a cikin itacen, kuma da ta fara gazawa sai ganye ya rufe 'yan ƙofofinsa da ruwa ke fita. Ƙofofin nan a bayan ganye kawai suke, juya ganyen dashenka ka gani, bayan fari-fari ne kamar an barbaɗa toka, wasu 'yan ɓawo ne masu siffar lema suka rufe ƙofofin don iska mai zafi kar ta yi ta kwasar ruwa. Da sassafe yakan buɗe ya yi aikinsa, rana na take ya ja ƙofa.

Me yasa wannan rufewar ke da muhimmanci? Duk wanda ya yi noman rani a fadamar Argungu ko Suru ya san abin da ke faruwa in ruwan tiyo ya ja baya inji na ta zuƙa, sai ya sha iska, daga nan ko ya kwana yana ruri ba ɗigo sai ka kashe ka ɗura masa ruwa. Itace ma haka, cikinsa 'yan bututai ne, ganye na ja daga sama saiwa na bayarwa daga ƙasa, in jan ya yi yawa ƙasa ba ta bayarwa iska ta shiga bututun ya mutu, shi kuma babu mai zuwa ya ɗura masa. Zaitun bututansa sirara ne ƙwarai, iska ba ta shiga da wuri, ga shi kuma yana rage wuta tun kafin a kai can. Ban da haka yana tara sukari da wani sinadari manitol a cikin ganye da saiwa, wanda ke ƙara masa ƙarfin zuƙa, kamar dai yadda gishiri ke jawo ruwa daga jikin yankakkiyar albasa. A ma'aunin masana yawancin amfanin gona in ƙarfin da ƙasa ke riƙe ruwa da shi ya kai 15 sun sallama sai yaushi, zaitun na iya ci gaba da tatsa har wajen 25, don ka gane girman abin iskar da mai faci ke bugawa a tayar ƙaramar mota 2 ne da ɗan wani abu a wannan ma'aunin. In abin ya yi tsanani sai ya tsayar da tohon sama ya mai da ƙarfinsa ƙasa, tsofaffin saiwoyi su yi fata mai kauri kamar toshiyar kwalba don kar busasshiyar ƙasa ta zuƙe musu nasu, wasu ƙanana su mutu, ruwa na sauka ya fitar da sababbi.

Amma cewa ba a ba shi ruwa, a'a Malam. Duk wannan bajintar ta babbar bishiya ce da ta gama shimfiɗa saiwa. Naka da ke cikin leda jariri ne, shekara 2 zuwa 3 na farko sai ka shayar da shi duk rani. Kuma rayuwa daban haihuwa daban. Ƙasar Sifen ita ce kan gaba a duniya wajen man zaitun, amma farin da suka yi a 2022 haɗe da zafin da ya ƙona fure ya sa man da suka samu a kakar 2022 zuwa 2023 bai kai rabin na shekarar da ta gabace ta ba, farashi ya ninka har ya wuce. Bishiyoyin na nan tsaye ba su mutu ba, 'ya'ya ne suka hana. Don haka rami mai faɗi za ka yi ba mai zurfi ba, zurfin guiwa ya isa, in ka ci karo da marmara ka fasa ta, kuma kar ka cusa su wuri ɗaya, ka ba su aƙalla taku 8 zuwa 10 tsakani.

TAMBAYA: Malam ina wuni ya iyali. Ni a Gusau nike. Na dasa zaitun biyu a tsakar gida dab da wurin wanke-wanke don su riƙa samun ruwa ba sai na wahala ba, duk rani lafiya lau suke, amma tunda ruwan Agusta ya kankama ganyen ya fara yin rawaya yana zuba, na ƙara masu ruwa da kashin awaki abin sai gaba yake. Maƙwabciyata ta ce kambun baka ne don kowa ya shigo sai ya yaba su. Dan Allah mi zan yi?

AMSA: Hajiya lafiya lau alhamdulillahi. Ki gaishe da maƙwabciyar taki, amma bakin da ya kama itacen nan bakin makwarara ne. Ruwa ya yi musu yawa. Saiwa numfashi take kamar ni da ke, iskar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa take shaƙa, in ruwa ya cike wuraren nan ya kwanta kwana da kwanaki sai ta shaƙe ta fara ruɓewa, ruɓaɓɓiyar saiwa kuma ba ta shan ruwa, shi yasa itacen ke nuna alamar ƙishi alhali ƙafarsa cikin ruwa take, ke kuma tausayi ya sa kika ƙara masa. Zaitun na cikin itatuwan da suka fi tsanar wannan. A ƙasashensa na asali, gaɓar tekun Bahar Rum, da sanyi ake ruwa, lokacin zafi kuwa ƙasa a bushe take ƙamas, mu namu ruwan da zafi yake haɗuwa, ƙasa ɗumi ga laima, daidai abin da cututtukan ruɓar saiwa ke so.

Ba dariya nake miki ba, ni ma na yi. Shekarun baya na sayi guda biyu na kai su bakin fadama cikin baƙar laka don a tunanina gata na yi musu, mai sayarwa ma har da ce min ai nan za su fi jin daɗi, kafin a yanke shinkafa sun zama itacen girki.

Ki daina ba su ruwa yau ɗin nan, ki karkatar da ruwan wanke-wanken, dama ruwan sabulu na tara gishiri da kanwa a ƙasa. Ki ɗan tona gefe da hannu ki duba saiwar, mai lafiya fara-fara ce da ƙarfi, in kin ga ta yi baƙi fatar na saluɓewa tana wari toh ta tafi. In da saura, ki yi musu hanyar da ruwan sama zai wuce, bayan damina ki mayar da su wuri mai tudu. Kafin ki dasa ki gwada wurin, a tona rami zurfin guiwa a cika da ruwa da yamma, in gari ya waye da sauran ruwa kwance wurin bai yi ba, sai dai a tara ƙasa mai yashi a yi tudu kamar na doya amma mai faɗi a dasa a kai. Kuma kar a binne wuyan, inda ƙasar leda ta tsaya nan ta gona za ta tsaya.

Tunda Zamfara ce bari in ƙara wannan don masu gona. Akwai wata cuta da ke zama cikin ƙasa shekara da shekaru, batisiliyam, ta saiwa take shiga ta toshe bututan ruwan nan da na yi bayani a sama, kuma auduga na cikin manyan masu ɗaukarta, haka tumatir da barkono da gauta da dankalin turawa. Manoman zaitun a Sifen sun sha wuya da ita a filayen da aka taɓa noman auduga. Gonar da aka daɗe ana auduga ko lambun tumatir ba wurin zaitun ba ce. Alamarta sau da yawa ɓangare ɗaya na bishiyar ne zai bushe ɗayan na kore, dalili kuwa a babban zaitun kowace babbar saiwa da rassan da take ciyarwa, kamar gidan gandu kowace mata da ɗakinta da 'ya'yanta. Shi yasa ma in aka sare babbar saiwa wajen ginin tushen katanga sai ka ga rassan wannan gefen ne suka shiga wahala.

TAMBAYA: Malam na yi bautar ƙasa a Filato, can ana sai da atili ana cewa shi ne zaitun ɗinmu na Najeriya. Shi ne wanda aka ambata a Alƙur'ani?

AMSA: A'a ɗana, kamannin 'ya'ya ne kawai ya haɗa su, ko dangi ba su ba ne. Atili ƙaton itace ne mai son ruwa da yawa, wajen Fankshin da kewaye yake jin daɗi, ka kawo shi Kebbi ta arewa wahala zai sha. Mansa na da kyau ka ci abinka, amma wanda aka yi rantsuwa da shi a Suratut Tin aka kuma ambata a aya ta 35 ta Suratun Nur shi ne wannan mai siririn ganye na su Falasɗinu da Sham.

TAMBAYA: Malam ni ban yarda da masu cewa zaitun ba ya yi a ƙasarmu ba. Na je Umra na ga man zaitun da anka rubuta noman Saudiyya ne, su da ba su da ko damina. In ya yi a hamada mi zai hana shi yi a Talata Mafara ga dam ɗin Bakolori kusa?

AMSA: Alhaji Allah ya karɓi ibada, kuma abin da ka gani gaskiya ne, sai dai ba a Makka ko Jidda ake noma shi ba. Yankin Jauf ne can arewa kusa da iyakar Jodan, miliyoyin bishiyoyi, da ruwan ƙarƙashin ƙasa ake shayar da su ta tiyo mai ɗigo, kuma abin da ba a rubuta maka a jikin kwalbar ba shi ne sanyin wurin, da hunturu dare kan sauka kusa da sifiri. Wannan sanyin shi ne maganar. Zaitun ba ya fure sai ya sha sanyi na makonni masu yawa, dare ya riƙa sauka ƙasa da digiri 10 zuwa 12 rana kuma ba ta yi zafi can ba, a nan ne idon reshe ke yanke shawarar zama fure maimakon ganye. Mu hunturunmu da muke ta rawar ɗari muna jin wuta, dare wajen 15 yake sauka, wani lokaci ƙasa da haka kaɗan, hantsi na yi ya haura 30 ya warware abin da dare ya saƙa. In ma an yi sa'a ya yi ɗan fure sai ya faɗa bakin zafin Maris da Afrilu mai wuce 40.

Saboda haka ni abin da zan faɗa maka tsakani da Allah, itacen zai rayu a Mafara in ƙasar ba mai kwantar da ruwa ba ce, zai yi kore ya yi kyau ka samu ganye da inuwa, amma kar ka sai da shanu ka cika hekta 5 da shi kana lissafin jarkokin mai. Saiwa da ƙasa na iya maganin fari, ba sa iya kawo sanyi, ruwan Bakolori ma haka. Akwai iri da ba su cika buƙatar sanyi da yawa ba kamar Arbekina, in kana da sha'awa ka gwada 5 ko 10 ka ba su shekara 4 zuwa 5 ka gani da idonka, in sun yi ni ne farkon wanda zai zo cin arziki, kuma duk mai sayar da dashe da ya rantse maka zai yi 'ya'ya ka ce ya kai ka ka ga uwar da ta haihu a nan yankin, ba hoto a waya ba.

Wani abin da zai ba ka mamaki, muna da zaitun na daji a maƙwabta. A duwatsun Abzin na Nijar, har da dutsen Bagazam ɗin nan da ake danganta dawaki da shi, da duwatsun Hoggar na Aljeriya da Jabal Marra na Sudan, akwai ɗan'uwan zaitun na jini da ke rayuwa can saman duwatsu, a yawancinsu ruwan shekara bai taka kara ya karya ba. A tsagin dutse da bakin ƙoramu yake kafa saiwa inda ɗan ruwan da ya gangaro ke taruwa, raƙuma da awaki su cinye kansa ya sake tohowa daga gindi, 'ya'yansa ƙanana ne ba abin matsa ba. Amma lura da inda ya zaɓa, sama inda ake sanyi, bai sauko Agadas ba balle Mafara.

TAMBAYA: Salam Malam, ni matashi ne a Jega, nawa guda 6 sun kama sun shekara ɗaya. Kullum safe da yamma ina zuba ma kowane ruwa kofi biyu a gindi. Daidai ne? Kuma zan iya shuka wani abu a tsakaninsu?

AMSA: Wa alaikumus salam, sannu da ƙoƙari amma kana lalata su da shagwaɓa. Saiwa inda laima take nan take zuwa, in kullum ɗan kofi ne a gindi sai duk su dunƙule nan sama-sama kamar yara a bakin murhu, ranar da ka yi tafiya Kano kwana biyar ka dawo ka tarar sun yi yaushi. Ko manyan gonakin da ke amfani da tiyo mai ɗigo suna da wannan matsalar, saiwoyi na taruwa a ɗan wurin da ke jiƙa, in ruwa ya yanke rana tsaka bishiyar ta fi wadda ta saba da wahala jigata. Ka koma ba su da yawa lokaci guda, kamar bokiti 2, sannan ka bari saman ƙasar ya sha iska kafin ka ƙara, a jigawa da bazara sau biyu a mako, da hunturu ka rage, da damina ka bar su da Allah. Kuma ba a jikin gindi ba, ka yi zobe daidai inda inuwar ganye ta ƙare, bishiya na girma kana matsar da zoben waje, kana jan saiwar tana bin ka. In ruwa na maka wuya ka binne tulu ko tukunyar ƙasa marar fenti a gefe ka riƙa cikawa ka rufe bakin, tana tsatsafowa a hankali daidai yadda ƙasar ke ja.

Ka rufe ƙasar da buntun shinkafa ko karan gero, mu nan Kebbi buntu ba abin nema ba ne, yana hana rana dafa saiwoyin sama kuma in ya ruɓe yana gyara riƙon ruwan jigawa. Sai dai ka bar tazarar taƙi guda daga jikin itacen saboda gara, ka kuma riƙa ɗagawa kana dubawa. Taki ruɓaɓɓe ba ɗanye ba. In wurin gangare ne ka yi rabin wata ta ƙasan kowace bishiya irin wanda mutanen Tawa ke yi don tare ruwa, a duwatsun Matmata na kudancin Tunisiya ma da irin wannan dabarar suke rayar da zaitun, suna tare kwari da ganuwar ƙasa su dasa a bayanta. Amma namu da Agusta sai ka fasa gefe ruwan ya wuce, ka dai karanta abin da ya samu Hajiyar Gusau.

Shuka a tsakani, wake ko gyaɗa ba laifi yanzu da suke ƙanana, ka ja baya kamar taku 2 daga gindi, kuma kar garmar shanu ta matso kusa don saiwar a sama take. Tumatir da tattasai da attaruhu kam a'a, na san Jega ce kuma na san da wuya, amma ka kai su wani fegin. In akwai sabara ko kalgo a gefen gonar kar ka tumɓuke su, sassabe ya isa, an yi bincike a Senegal an ga sabara na jawo ruwa daga ƙasa can da dare ta sake shi a ƙasar sama har geron da ke kusa da ita ya amfana. Ka turo min hoton bayan ganyen da na gindin bayan hunturu in gani, ka ɗauka da safe kafin rana ta yi ƙarfi.